Yadda nake adana jinin gwajin antibodi na filatilet a Gombe

A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Gombe, ba kullum ake neman gwajin antibodi na filatilet ba. Filatilet su ne ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubarsa, antibodin kuwa sinadaran garkuwar jiki ne da ke far musu. Likita yakan nemi gwajin ne idan an ƙara wa majinyaci filatilet amma adadinsu ya ƙi hawa, ko kuma aka haifi jariri da ƙarancinsu, ana zargin garkuwar jikin mahaifiyarsa ce ta far musu tun yana ciki. Da yake wani babban ɗakin gwaji muke tura wa, nawa aikin shi ne jinin ya isa can da amfaninsa.

Kwalba biyu nake cikawa, kuma sanyin da ke kare ɗaya shi ke lalata ɗayar. Jinin kwalba mai jan murfi nakan bar shi ya daskare da kansa ya zama gudan jini, in juya shi a na'ura, in kwashe ruwan da ya taso sama ba tare da jajayen ƙwayoyi sun fashe a ciki ba. Ruwan nan yana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 na tsawon awa 48, bayan haka sai firiza, digiri 20 ƙasa da sifiri. Nakan raba shi a ƙananan kwalabe tukuna, domin yawan narkewa da sake daskarewa yana raunana antibodi, ga shi kuma ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ya sa nake rubuta sanyin firizar safe da yamma.

Kwalbar EDTA mai murfi shunayya, wadda ke ɗauke da sinadarin hana jini daskarewa, ita ce mai wahala. Filatilet ɗin cikinta ake so a gwada, su kuwa sanyi yana sauya musu siffa, don haka ba firji, ba ƙanƙara. Suna son digiri 20 zuwa 24, alhali a watan Afrilu zafin Gombe yakan kai 40. Saboda haka ba na ɗibar wannan jini sai na tabbata da motar da za ta tafi da shi, kuma a farkon mako, kada ya kwana a hanya ranar hutu. A cikin akwatin, nakan killace ta nesa da ƙanƙarar da ke riƙe ruwan jinin.

A takardar rakiya nakan rubuta ranar ɗiba da lokacinta, da ko an yi wa majinyacin ƙarin jini ko an ba shi imunogulobulin, wato maganin antibodi da ake samowa daga jinin wasu, domin dukansu suna iya rikita sakamako.