Duk inda na fara, sifili nake ƙarewa

Wallahi har yanzu in na tuna abin nan sai raina ya sosu, don magana ce ta minti biyar da ya kamata a faɗa mana tun a aji amma babu wanda ya faɗa. Binciken mastas ɗina a sashen lissafi kan dainamikal sistem ne, wato nazarin yadda abu ke canzawa taki bayan taki bisa ƙa'ida ɗaya, kuma da misali mafi sauƙi na fara, wanda kowa ya sani: ka ɗauki lamba tsakanin 0 da 1, ka ninka ta sau biyu, in ta kai 1 ko ta wuce ka cire 1, ka sake. A takarda an daɗe da tabbatar da cewa hargitsi ne zalla, kusan duk lambar da ka ɗauka haka za ta yi ta yawo ba ta taɓa zama wuri ɗaya.

Na rubuta kod a Python, yaren ba kwamfuta umarni, layi kaɗan ne. Lambobi suka fara tsalle yadda ake so, sai wajen taki na hamsin da wani abu komai ya koma 0.0 ya tsaya cak. Na canza lambar farko, sifili. Na sa kwamfutar ta zaɓa da kanta, sifili. Na koma manhajar lissafi ta MATLAB, kanwar ja ce.

Abin da ya cinye min lokaci shi ne labarin masanin yanayi Edward Lorenz da aka cika mana kunne da shi, yadda ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 lissafin yanayinsa ya kama wata hanya daban, har ya kai ga takardarsa ta 1963. To duk tunanina ya tafi kan cewa kwamfuta ce ke yanke lambobi, na yi ta farautar kuskuren yankewa makonni, babin da ya kamata na miƙa yana nan zaune, abokan karatuna suna ta gaba.

Da na kai wa sufabaizana bai ma kalli kod ɗin ba. Ya ce "kai, rubuta min lambar nan da bainari." Na ce Malam wacce, ya ce ko wacce. Bainari shi ne rubuta lamba da 0 da 1 kawai, yadda kwamfuta ke yi. Ina cikin rubutawa a allo na gane. Ninkawa sau biyu a bainari ai tura lambobin ne gefen hagu taki ɗaya, cire 1 kuma jefar da ta gaba ne. A lissafinta na yau da kullum kwamfuta bit 53 kacal take riƙewa, wato 0 ko 1 guda 53, kowane taki ɗaya na fita babu mai shigowa, in sun ƙare me ya rage? Babu wani yankewa ko kaɗan, lissafinta daidai yake! Duk lambar da take iya riƙewa wani abu ne bisa 2, 4, 8, 16 da sauransu, kuma irin waɗannan ko a takarda sifili suke faɗawa. Wato wancan "kusan" ɗin da ke cikin tiyorem, abin nan da aka tabbatar a takarda, 'yan tsirarun da aka ware, su kaɗai kwamfuta ta sani. Wannan ne ya fi ci min rai, kullum muna karanta "kusan duk lamba" muna wucewa.

In kana wannan fannin, kafin ka yarda da hoton da kwamfuta ta zana maka ka tambayi kanka wace irin lamba take iya riƙewa. Taswirar tanti, wata ƙa'idar ninka lamba mai kama da wannan, ita ma haka take rushewa. Ta lojistik a r = 4, wato ka ninka x da (1 − x) sannan da 4, ba ta yi min haka ba, duk da cewa a takarda ita da ta tanti abu ɗaya ne in an canza ma'auni, don ita ninkawarta tana yanke lamba tana zuba sabbin bit. Ni dai da mpmath na fita, kayan aikin Python da ke barin ka zaɓi yawan bit, na ba shi bit fiye da yawan takun da nake so, yawon ya dawo. Yanzu duk ɗalibin da na gani zai fara simuleshan, wato gwajin lissafi a kwamfuta, sai na tsayar da shi ya rubuta min 0.375 da bainari ya ninka ta sau biyu har taki uku a gabana tukuna.