Shantin a kan tebur: yadda na tsara ƙaramin layin dogo na wasa a ma'aunin HO

Na fi sha'awar shantin, wato jera taragu da rarraba su, a kan jirgin da zai yi ta kewaye ba ya zuwa ko'ina. Don haka na zaɓi ma'aunin HO, kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, mai tazarar milimita 16.5 tsakanin ƙarafan dogo, na yanka falankin katako mai tsawon santimita 200 da faɗin 40. Faɗin da ya wuce 60 wahala ne, hannu ba zai kai layin baya ba sai ya ture na gaba.

Tsarin Inglenook na bi, wanda Alan Wright na Ingila ya fito da shi. Mararraba, wato inda layi ɗaya ke rabuwa biyu, guda biyu ce kawai, da layukan ajiya uku, ɗaya na ɗaukar tarago 5, biyu kuma 3 kowanne. Taragu 8 ake zubawa, a ce ka haɗa jirgi mai 5 a wani jeri da aka ƙayyade, kuma jerin da za su iya fitowa sun kai 6,720. Akwai kuma tsarin Timesaver na John Allen na Amurka, amma mararrabarsa sun yi yawa ga mai farawa, a ganina.

Duk aikin ya rataya ne a kan layin da kan jirgi ke ja da baya kafin ya sauya hanya. Dole ya ɗauki kan jirgi da tarago 3, kada ya gaza, kada ya wuce. In ya gaza, aiki ya tsaya cak. In ya wuce, wasan ya rasa daɗi. Taragon kaya mai tsawon ƙafa 40 a jirgin gaske, a ma'aunin HO yana cin kusan santimita 15 har da ƙugiyoyinsa, don haka na ba layin 65. Kafin in sayi ko ƙusa, sai da na zana komai da girmansa na gaske a kan kwali, na ɗora taragun na tura su da hannu. A nan ake gane cewa ba daga bakin mararraba tsawon layin ajiya yake farawa ba, sai daga inda taragon da ke tsaye ya daina gogar mai wucewa. Wannan kaɗai yakan cinye kusan tsawon tarago guda. Tsakanin layi da layi na bar santimita 5 daga tsakiya zuwa tsakiya.

Ƙugiyoyin haɗa taragu na kamfanin Kadee na sa, masu buɗewa da maganaɗisu. A kan kwana ba sa haɗuwa, domin bakin kowace yana kallon gefe, shi ya sa duk inda za a haɗa ko a raba tarago na miƙe layin sambal. Tebur ma sai an gwada shi da lebur irin na magina, in ba haka ba taragon da ka ajiye zai gangaro ya biyo kan jirgi. Mara nauyi kuwa yakan sauka daga layi idan ana tura shi ta mararraba. Ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan layukan dogo na wasa ta Amurka, ta ba tarago mai wannan tsawo kusan giram 110, sai na manna ƙananan ƙarafa a cikin waɗanda ba su kai ba.

Shantin tafiyar hawainiya yake so, kuma a nan ne matsalar wuta ke bayyana, domin ta ƙarafan dogo kan jirgi ke samun lantarki. Kan jirgi gajere yakan mutu a tsakiyar mararraba idan wurin da ƙarafa suka gicciya roba ne. Na sayi mararraba masu ƙarfe a wurin, na ja musu wayarsu, kowane yankin dogo ma na liƙa masa tasa da dalma, don ƙananan maɗauran da ke haɗa ƙarafa sukan saki. Kowane tarago na yi masa kati mai lambarsa. In cakuɗa takwas ɗin, in zaro biyar, yadda suka fito haka za a jera jirgin.