Kwamfuta ta huce, aiki ya fita: saƙon godiya

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i na miƙa wa dangin amarya bidiyon bikinsu, cikakke, babu inda ya yanke. Kwana tara ke nan rabona da barcin kirki, har yanzu idona yaji yake yi, amma ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyin.

Kwamfutar da nake haɗa bidiyo da ita ce ta riƙa zafi, kun ga hotunan da na riƙa ɗorawa, ma'aunin zafinta ya kai digiri 100 ya ƙi sauka. Dare ɗaya kawai nake so in faɗa, daren Talata. Saura kaɗan aikin ya gama fita, fanka tana ihu kamar injin markaɗe, sai allo ya yi baƙi. Na danna, shiru. Na taɓa saman akwatin na janye hannu. A cikin bidiyon nan akwai nasihar da kakar amarya ta yi, kuma Allah Ya yi mata rasuwa mako biyu bayan bikin. Na zauna a ƙasa ina ta Innalillahi, ina tunanin da wane baki zan gaya wa mutanen nan na salwantar musu da muryarta.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura na kira Ogana, wanda ya koya mini wannan sana'a. Ya hana ni faɗin sunansa, to amma duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara wajen PZ a Zariya ya san wa nake nufi. Daga Samaru ya hau babur ya zo har Tudun Wada a wannan daren. Da ya shigo bai ko dubi kwamfutar ba, ni ya duba, ya ce, “Kwantar da hankalinka. Aikinka yana kan faifan ajiya, furosesa ce ta kashe kanta don kada ta ƙone.” Wallahi sai a lokacin na ji numfashina ya dawo.

Ya cire batirin nan mai kama da kwabo na jikin madabod, babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, ya ɗan jira, ya mayar, BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ta koma yadda ta zo daga kamfani. Ta tashi. Sannan ya tambaye ni yaushe na ƙara mata gudu. Na ce a Disamba. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i7-8700K ce, ƙirar 2017, iyakar gudun da aka yanka mata 4.7 GHz, ni kuma na kai ta 5.0 don aiki ya riƙa fita da wuri, na bar ƙarfin wutar a kan Auto, wato madabod ta zaɓa da kanta. Ya girgiza kai ya ce a nan gizo ke saƙa. Madabod in ka bar mata zaɓi, wuta take ɗura wa furosesa fiye da buƙata, tawa har ta haura volt 1.4, kuma ɗan ƙarin wuta kaɗan zafi mai yawa yake haifarwa. A sanyin hunturu abin ya ɓoye. Yanzu da muke cikin Afrilu, ɗakina da rufin kwano, iskar da fanka ke ja ita kanta mai zafi ce, to me za ta sanyaya?

Da ya kwance ƙarfen sanyaya sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Ƙurar hunturu ta toshe tsakanin haƙoransa kamar an liƙa bargo, man da ke tsakaninsa da furosesa kuma ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Fankar baya ma a juye na ɗaura ta, tana turo iska ciki maimakon ta fitar. Ina riƙe da tocilar waya, domin an ɗauke wuta a tsakiyar aikin, shi kuma yana goge tsohon man da auduga da sifirit a hankali. Ya ciro ɗan bututun mai daga aljihu, ragowarsa ke nan, ya matso ɗigo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Bai yi mini faɗa ko sau ɗaya ba. Da aka kawo wuta muka tsayar da ita a 4.8 da wuta 1.28, muka bar Cinebench, manhajar gwada ƙarfin furosesa, yana ta juyawa har aka kira assalatu. Zafin bai wuce 79 ba. Na ɗauko kuɗi, ya ce, “Mayar, ka sayi bulowa ka riƙa hure ta duk wata.”

Oga, Allah Ya saka muku da Aljanna Firdausi. Allah Ya jiƙan mahaifanku, Ya raya muku zuri'a, Ya sa yadda kuka rufa mini asiri a daren nan Ya rufa muku naku duniya da lahira, Ya sanyaya muku ranar da babu inuwa sai taSa.

Godiya ga maƙwabcina mai shagon caji da ya jawo mini waya daga janaretansa kwana uku bai karɓi ko sisi ba. Godiya ga uwar ɗakina, uwar amarya, da ta ce, “Ɗana, kada ka takura kanka, mu dai ya fito lafiya.” Godiya ga maiɗakina da ta haƙura da fankar tsaye ita da yara, aka juya ta tana hura kwamfuta a wannan zafin. Da ku da kuka riƙa turo shawara da addu'a, har da ɗaliban ABU da ban taɓa gani ba.

Akwai ɗan'uwa na jini da shi ya fara nuna mini yadda ake ƙara gudun nan. Na kira shi ya fi sau goma a kwanakin nan, ko saƙo bai maido ba. Na bar wa Allah, wataƙila yana da uzuri, amma abin ya tsaya mini a rai.

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa nasiharta ta amfani jikokinta. Masu aikin da na jinkirta, ku ƙara haƙuri, gobe in sha Allahu zan fara kiranku ɗaya bayan ɗaya.