Ku Riƙa Bibiyar Asusun Fanshonku Tun Kuna da Ƙarfi

Ƙannena da kuka shiga aikin gwamnati kwanan nan, akwai kuɗin da ake cirewa daga albashinku kowane wata da sunan fansho, kuma ina roƙonku kada ku yi masa riƙon sakainar kashi kamar yadda na yi. Na shafe shekaru ina ganin an rubuta cirewar a takardar albashi, na ɗauka magana ta ƙare, sai da ritaya ta ƙarato na nemi bayanin asusuna, na tarar da watanni masu yawa da aka cire kuɗin amma ba a zuba shi ba.

Kafin 2004 gwamnati ce ke biyan fansho da garatuti kacokan daga baitulmali, har bashi ya yi mata katutu. Dokar da aka kafa a wannan shekarar, zamanin Shugaba Obasanjo, ta kawo tsarin karo-karo, aka kuma sake ta a 2014. Yanzu ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa. Kamfani ɗaya ne ke juya kuɗin, wani daban ke ajiye su, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana sa ido. Dokar ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, ta kuma tanadi tara ga wanda ya yi jinkiri. Da na san haka da wuri, da na kai ƙorafi tun takardun suna kusa da hannu, domin kuɗin da bai shiga asusu ba ba ya haifar da riba, kuma wannan asarar ba lallai ta dawo ba ko an biya uwar kuɗin daga baya.

Shin tsarin ya yi wa ma'aikaci adalci? A ganina, rabi da rabi. Kuɗin naka ne, yana binka idan ka canza wurin aiki, magadanka kuma za su karɓa idan ta Allah ta kasance. Sai dai nauyin da gwamnati ta sauke, a wuyan ma'aikaci ya faɗa. Abin da ka tara shi za ka ci, kuma a shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ribar asusun ba ta iya kamo tsadar kasuwa. Ranar ritaya ba a ba ka kuɗinka duka. Wani kaso za a ba ka a dunƙule, sauran a riƙa tsakuro maka wata-wata. Waɗanda suka fara aiki kafin 2004 sun sha jira mai tsawo kafin gwamnatin tarayya ta biya haƙƙinsu na shekarun baya. An cire sojoji daga tsarin, 'yan sanda masu ritaya kuma sun yi ta zanga-zangar neman a cire su, abin da ya isa ya nuna cewa masu kukan ba a banza suke yi ba.

Duk da haka, abin da ke hannunku ba kaɗan ba ne. Ku nemi bayanin asusunku duk bayan wata uku, ku gwada shi da takardun albashi, ku kuma adana su tare da takardar kama aiki da ta ƙarin girma. Ku tabbatar sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a fayil ɗin ofis, da asusun fansho, da katin ɗan ƙasa, domin saɓanin harafi ɗaya ya taɓa tsayar da nawa takardun. Tun Nuwamban 2020 ana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara idan bai gamsar da ku ba, kuma wanda yake gudun kuɗin ruwa yana iya neman kamfaninsa ya mayar da shi rukuni na shida cikin rukunonin da ake juya kuɗin fansho, wanda aka ware domin jarin da ba na ruwa ba. Mai hali ya ƙara gudummawar sa-kai a kan kashi 8 ɗin tun yana da shekarun aiki a gabansa, ta hanyar rubuta wa ofishin albashinsa.