Gadar Kennedy

Yau na bi ta gadar Kennedy a Yamai, sai gabana ya faɗi. A nan mu ɗalibai muka yi maci ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, muna ƙin tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya ya sa aka yi wa ilimi. Ba mu da waya a lokacin, ɗaki-ɗaki muka bi muna kiran juna. Muna gada aka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Ni da silifa ɗaya na isa gida, Inna na bakin zaure tana kuka. Shekara na zagayowa aka kira taron ƙasa na sauya tsarin mulkin Nijar. Allah ya jiƙansu.