Sinadarin DSIP da neman barci mai nauyi

Na shafe kusan shekara guda ina fama da rashin barci, ina kwana ido biyu har a kira asalatu, shi ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci lokacin da wani abokina ya ba ni shawarar allurar wani sinadari mai suna DSIP da ake sayarwa a intanet.

Wannan sinadari ɗan ƙaramin feftayid ne, wato guntun furotin mai ɗauke da amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 9 kacal. Masu bincike a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Monnier da Schoenenberger, ne suka ware shi a shekarun 1970 daga jinin zomayen da aka sa barci, suna zaton shi ne ke jawo barci mai nauyi, wanda a cikinsa jiki ke murmurewa. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi wa mutane daga baya ƙanana ne, sakamakonsu ya saɓa wa juna, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin rashin barci ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu mai tabbatar da tsaftar abin da ke cikin kwalbar.

Don haka na je wurin likita. Ya hana ni shayi bayan la'asar, ya tsayar mini da lokacin tashi guda kullum, ya kuma ce in bar gado idan barci ya ƙi zuwa, in dawo sai na ji gyangyaɗi.