Kuskure uku a cikin "hablábamos"

Ina cikin wata na uku da fara koyon Sifaniyanci malamarmu, 'yar garin Salamanka da ke ƙasar Sifen, ta rubuta hablábamos, wato "mukan yi magana a da", a allo ta ce in karanta. Na gyara murya na ce "hab-laa-ba-mos", na fito da h ɗina sosai kamar ta "hannu". Ta yi murmushi ta ce kuskure uku na tabka a kalma guda.

Na farkon bai ba ni wuya ba: h a Sifaniyanci rubuta ta kawai ake yi, ba a furta ta.

Na biyun ne ya sha ni. Bakin Bahaushe ba ya fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Ko dai mu raba su, kamar tsab-ta, ko mu cusa wasali a tsakani, yadda muka yi wa burodi. Su kuwa bl, br, pl, tr da ire-irensu tare suke tafiya, ba a shiga tsakaninsu. Gaɓoɓin huɗu ne: ha-blá-ba-mos. Na yi mako guda "abula" ke fita daga bakina, har ƙanwata ta fara tsokanata da shi. Dabarar da ta fisshe ni ita ce ɗora harshe a wurin l tun kafin in buɗe leɓɓa.

Sai 'yar alamar nan ta kan á. Da na ɗauka jan wasali take nufi, ashe ƙarfin murya ne ke sauka a wurin. Duk kalmar da ƙarfinta ya faɗa kan gaɓa ta uku daga ƙarshe, esdrújula suke ce mata, kuma dole a sa mata alamar. Ba abin wasa ba ne kuwa, domin hablo "ina magana" ne, habló kuma "ya yi magana".

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da muka feɗe kalmar. Habl- saiwa ce, -á- na nuna ajin aikatau masu ƙarewa da -ar, -ba- na nuna aikin da aka saba yi a da, -mos kuma "mu". Wato abin da "mukan" ke ɗauka kafin aikatau a Hausa, su a wutsiya suke rataye shi. Washegari da ta rubuta cantábamos, wato "mukan rera waƙa a da", ban jira ta kira sunana ba.